Durƙuson Wafa' a Gidan Kakanta Ya Watsa Mini Aji

Gwaggo Zakiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in ƙarasa ɓata ɗan abin da ya rage. Daga Jidda nake rubuto miki, unguwar Safa. Tun yanzu zan gaya miki ina da laifi a maganar nan, sai dai ban yarda duka nawa ne ba, kuma mutanen gidan nan sun taru sun ɗora mini shi gaba ɗaya.

Ni 'yar Funtuwa ce. Shekara shida na yi ina koyar da Hausa a firamare kafin aure ya kawo ni nan, yau shekara tara ke nan. Maigidana Hashim haifaffen Jidda ne. Iyayensa sun zo aikin Hajji suka zauna, a nan aka haife shi da duk 'yan'uwansa. Yana aiki a wani kamfanin robobi a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni ta nan Jidda. Yana jin Hausa, amma irin Hausar nan da in ta yi taku uku sai ta gaji ta hau bayan Larabci. Mahaifiyarsa, Hajiya, a wurinmu take zaune. Tsufa ya fara kwashe mata Larabcin da ta tara a shekara hamsin, yanzu in ba da Hausa aka yi mata magana ba sai dai ta bi mutum da ido tana murmushi.

Wanda ya jawo mini duk wannan, shi bai ma san ya yi ba, wani Bature ne injiniya da kamfanin su Hashim ya ɗauko ya kafa musu sababbin injuna. Hashim ya gayyato shi cin abincin rana. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci da cokali har ya nemi ƙari. Da yake Turancin Hashim bai wuce na wurin aiki ba, ni aka kira in yi tafinta. Baƙon ya ce shi mutumin Sulobeniya ne. Ban taɓa jin sunan ba, sai da Hashim ya buɗe taswira a waya ya yi ta buɗa ta da yatsu biyu kafin ƙasar ta fito. Ya ce su duka-duka ba su fi miliyan biyu da 'yan kai ba. Ya kuma ce yayarsa malama ce, kullum da safe sai ta tuƙa mota ta tsallaka iyaka ta shiga Italiya, ta koyar da harshensu ga 'yan makaranta waɗanda kakanninsu suka tsinci kansu a wancan ɓangaren iyakar. Ya nuna mini hotunan ajinta, yara da littattafansu, har da na ranar da suka yi gasar waƙa. Sai ya tambaye ni mutum nawa ke jin Hausa. Na gyara zama na ce masa jihar Kano kaɗai ta ninninka ƙasarsu. Ya yi mamaki, ya ce to yaranku na nan Jidda a wace makaranta suke koyon ta? Nan na tashi na ce bari in ɗauko lemo.

Gwaggo, tambayar nan ta tsaya mini a rai. Ba a yi mako biyu ba na janye kujerun majalisin gidanmu, wato falon baƙi, na sayo farin allo, na bi dangi da maƙwabta gida-gida. Na samu yara tara, daga ɗan shekara bakwai zuwa 'yar sha uku. Duk Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar muke yi. Ba na karɓar komai a hannun kowa, don iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta matar gida ce, ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma. Yaran nan suna ji sarai, amsawa ce sai da Larabci. Ranar farko na ba su littafin rubutu, su tara duk suka buɗe shi ta baya suka fara daga dama. Amma cikin wata huɗu sun iya ƙirga, sun iya waƙoƙin dandali, suna ba ni tatsuniya rabi da rabi. Ina jin daɗin ajin nan fiye da yadda zan iya faɗa miki, domin tun da na bar Funtuwa ban sake jin an kira ni Malama ba sai a cikinsa.

Wadda ta fi kowa ita ce Wafa', 'yar shekara goma sha ɗaya, 'yar wan mijina Yaya Abdulmohsen. Mahaifiyarta, faccalata Mashael, Balarabiya ce 'yar Aziziyya, ba ta jin ko zo da Hausa, amma ita da kanta take kawo yarinyar. In an tashi daga aji sauran yara sukan ruga kan waya, Wafa' kuwa ɗakin Hajiya take wucewa. A cikin jikokin Hajiya goma sha huɗu, ita ce ta farko da ta taɓa zama kusa da ita ta tambaye ta yaya ƙafa da Hausa. Ranar Hajiya ta yi hawaye, da na shigo ta ce hayaƙin turaren wuta ne. Daga nan suka ƙulle. Tsohuwa tana ba ta labarin ƙauyensu na wajen Daura, tana koya mata kitso, yarinya tana gyara mata tashar rediyo a waya.

Sai muka zo darasin gaisuwa. Ni kuma da na ga kaya sun karɓu, sai na zazzage buhun duka. Na zauna a kujera a matsayin babba, na sa su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ce yarinya mai tarbiyya ba ta gaida babba a tsaye. Ta cire takalmi, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, kada ta kalli idonsa. Na ƙara da cewa kowane babba ne, kuma a ko'ina ne. Waɗannan kalmomin su nake ta cizon yatsa a kansu. Shekara tara ina garin nan, na san a nan yaro zuwa yake yi ya sumbaci kan tsoho ko hannunsa. Na sani sarai. Kawai bai zo mini a rai ba cewa yarinyar nan gidan kakanni biyu gare ta.

Juma'ar da ta biyo baya dangin Mashael suka taru cin abinci a gidan mahaifinta, kamar yadda suka saba. Wafa' ta tsaya a bakin ƙofar falo, ta tuɓe takalmi, ta zube gwiwa biyu, kai a ƙasa, ta jero wa kakan nata gaisuwa da Hausa tun daga kwana har gajiya. Shi ya ɗauka jiri ne ya kayar da ita, ya miƙe yana kiran a kawo ruwa da sukari. Wata ƙanwar Mashael da ke riƙe da waya ta ɗauki abin tana dariya. Wani kawun yarinyar mai son wa'azi ya ce wannan ruku'u ne ga wanin Allah, wa ke koya mata? Sai wata gwaggon Mashael ta ce ai dama tun ranar ɗaurin aure an faɗa, takarancin nan sai ya fito wata rana. Gwaggo, kin san takari shi ne sunan da ake kiran mu da shi a nan in ana so a tuna mana daga inda muka fito. Ashe shekara biyu Mashael ta yi tana fama da danginta kafin su yarda ta auri Yaya. Aka ce ta ja yarinyar suka shige banɗaki, ita tana kuka, yarinya tana kuka tana tambayar me ta yi.

Yaya bai kira ni ba, sai ya kira ƙaninsa Hashim. Ya ce halas, Wafa' ta gama Hausa. Hashim ya kawo mini saƙon yana ta zagaye-zagaye kamar mai neman wurin ajiye mota. Kafin Asabar ta zagayo labari ya yi ƙiba, har ya zama wai ina koya wa yara yi wa mutane sujada. Gida uku suka janye 'ya'yansu.

To nan ne nawa ya shigo. Raina ya ɓaci, na ɗauki waya na yi saƙon murya na minti bakwai a zauren WhatsApp na iyayen yara. Na ce Turawa miliyan biyu suna tsallaka iyaka kullum saboda harshensu, mu kuwa kunyar namu muke ji. Na ce wanda ya ji kunyar gaisuwar uwarsa, uwar tasa yake jin kunya. Na ce farar jallabiya da jan rawani ba sa sauya wa mutum kaka. Da na gama na ji sanyi a raina na kusan rabin awa. Mashael tana cikin zauren. Ba ta jin Hausa, amma an samu mai taimako da ta fassara mata kalma bayan kalma, ina jin har da ƙari. Sai ta fita daga zauren.

Yau mako biyar ke nan. Yaya yana zuwa gaida mahaifiyarsa shi kaɗai, ya yi minti goma ya tafi, in mun haɗu a ƙofa ya gaishe ni da Larabci. Hashim kullum maganarsa ɗaya ce, yalla ki je ki ba da haƙuri a wuce wurin. Ni kuma ina cewa haƙurin me, na koya wa yarinya ladabi? Haka na gaida iyayena, haka nake gaida Hajiya kowace safiya, ban ga ya rage mini imani ba.

Amma abin da ya sa na rubuto ba ajin ba ne, yara biyar ma aji ne. Hajiya ce. Duk Asabar tun da hantsi take wanka, ta sa turare, ta ce a buɗe mata ƙofar ɗaki. In yara sun watse ta tambaye ni ina ƙawarta. Na ce jarrabawa suke yi. Na ce mura take yi. Na ce sun tafi Ɗa'if shan iska. Ƙaryata ta ƙare, Gwaggo, kuma makon jiya ba ta ma tambaya ba, ta dai kalle ni ta juya fuska bango. Wannan ya fi mini tambayar ciwo.

In na ba da haƙuri, ban yarda ke nan cewa al'adarmu abin kunya ce ba? In na ƙi, yaya zan yi da tsohuwar nan? Ko in rufe ajin kowa ya huta? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, na saba, ni ma haka nake yi wa mutane.

Malamar Asabar, Safa, Jidda.

AMSAR GWAGGO ZAKIYA

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma sannu da baki. Na yi dariya a wurin ruwa da sukari, Allah ya yafe mini, amma da na zo ƙarshen wasiƙarki dariyar ta tsaya. Tun da kin ce in faɗa miki gaskiya, ga ta.

Kada ki rufe ajin. Abin da kika fara abu ne mai kyau, kuma shaidarsa tana kwance a ɗakin surukarki. Yarinyar da ta iya tambayar kakarta yaya ƙafa ta samu abin da ba a sayar da shi a kanti, kuma ke kika ba ta. Wannan ba wanda zai ƙwace miki shi.

Sai dai kin haɗa abu biyu kin ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa kika kasa kwancewa. Akwai darasin, akwai saƙon murya. Darasin kuskure ne irin na malamai, kowa na yi. Kin koyar da yaran Jidda kamar yaran Funtuwa, waɗanda in sun fita daga aji duk garin zai tabbatar musu da abin da kika faɗa. Naki yaran in sun fita wata duniya suke shiga. Ban san yayar Baturen nan ba, amma na tabbata ta san ɗalibanta a Italiya za su kwana, a can za su yi cefane, a can za su gaida maƙwabta. Mai koyar da harshe a ƙasar wasu dole ta koyar da shi tare da sanin inda ake amfani da kowane abu. Ki sake darasin gaisuwar, ki ce musu ga yadda ake yi a gidan Hausawa, ga yadda ake yi a gidan Larabawa, duka biyun ladabi ne, mai wayo shi ne wanda ya san ƙofar da ya shiga. Yara sun fi mu saurin gane irin wannan. Kuma kafin ki koyar da wata al'ada nan gaba, ki sanar da iyaye abin da ke tafe. Da Mashael ta sani, da a mota za ta gaya wa 'yarta cewa wannan ta gidan Hajiya ce.

Batun ko durƙuso ya halatta, kada ki mai da shi filin daga. Ko a nan gida akwai malaman da ba sa son sa, akwai gidajen da suka daina, kuma ba a ce sun bar Hausa ba. Ki tambayi malamin da kika amince da shi don kanki. Amma ki sani harshenmu ba a gwiwa yake ba. Yaro zai iya gaida babba a tsaye da Hausa mai daɗi, muryarsa a ƙasa, kuma tsoho ya sa masa albarka.

Saƙon murya kuwa ba kuskure ba ne, faɗa ne, kuma kin kai duka inda ba a tsokane ki ba. Duba da kyau wa kika jefa. Matar da ba ta jin Hausa amma take tuƙo mota duk Asabar ta kawo 'yarta ta koya. A duk labarin nan ba wanda ya tsallaka iyaka saboda Hausa kamar Mashael. An yi mata gori a gidan ubanta saboda ta zaɓi danginku, ta dawo danginku ta tarar da gorin minti bakwai yana jiran ta. Shi ma Yayanku ki yi masa adalci. Ke da girmanki kika zo Jidda, kina da garin da za ki ce naki ne. Shi a nan ya tashi, tun yana yaro yake jin wannan suna a makaranta da layi, ba ya son 'yarsa ta ji shi. Ban ce ya kyauta da ya hana ta zuwa ba, hukuncin ya fi laifin girma, kuma ya faɗa kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Amma tsoro ne ya sa shi, ba ƙin uwarsa ba.

Don haka ba za ki ba da haƙuri a kan al'ada ba, ba wanda ya nemi wannan. Za ki ba da shi a kan bakinki. Ki shirya ki je gidan Mashael da ƙafarki, da rana, lokacin da maza suna wurin aiki. Kada ki aika Hashim, kada ki sake yin saƙon murya, an ga yadda kike da shi. Ki yi mata magana da Larabcinki komai karyewarsa, domin ta ji daga bakinki ba daga bakin masu fassara ba. Ki ce kin saka 'yarta a kunya ba da niyya ba, kin kuma faɗi maganar da ba ta dace ba da niyya, kina neman afuwar duka biyun. Kada ki sa “amma” a ciki. Bayan nan ki rubuta layi biyu a zauren iyaye ki janye abin da kika faɗa, tun da a gabansu kika faɗe shi. Ki nemi ganin Wafa' ko na minti biyar ne, ki gaya mata ba ta yi laifin komai ba, malamarta ce ta manta ta ba ta rabin darasi. Yarinyar da ta yi abin da aka koya mata daidai aka yi mata dariya tana buƙatar ta ji wannan daga wurin wadda ta koya mata.

Ita kuma Hajiya, ki daina yi mata ƙarya. Matar da ta yi shekara hamsin a ƙasar mutane ta san gori tun kafin a haife ki, kuma juya fuskar nan da ta yi yana nuna ta riga ta gane. Ki zauna ki ba ta labarin yadda yake, har da naki ɓangaren. Kada ki yi mamaki in ta kira ɗanta ta gama maganar da jimla biyu.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma na san zai sosa miki rai. In kin je wurin Mashael, kada ki roƙi a dawo miki da ɗaliba. Ki roƙi a dawo wa tsohuwa da jikarta. Ki ce su kawo ta kowace rana suka ga dama, ko ranar da ba aji, ko kina gida ko ba kya nan, ta wuce ɗakin kakarta kai tsaye ba sai ta kalli allonki ba. Mai yiwuwa Wafa' ta dawo ajinki bayan wata uku, mai yiwuwa sai baɗi, mai yiwuwa ba za ta dawo ba sam. Ke za ki iya jiran baɗi, Malama. Hajiya ba ta da tabbacin wannan, don haka kada Asabar ta shida ta same ki kina lissafin wa ya fi wa gaskiya.

Allah ya sanyaya zukata, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa ta ji sallamar ƙawarta a bakin ƙofa cikin makon nan. Ki gaida mini yaranki biyar, a tsaye ko a durƙushe, duk na amsa.

Gwaggo Zakiya